Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministocin Lafiya da na Ƙwadago Kan Ma'aikacin da Ba Shi da Lokacin Ganin Likita

Masu girma Ministoci,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da gangan na haɗa ku a wasiƙa ɗaya, ko da yake ofisoshinku daban ne kuma kasafin kuɗinku daban, domin matsalar da nake son gabatar muku ta faɗa ne a tsakanin ma'aikatunku biyu, kowace tana hangen rabinta. Ma'aikatar lafiya tana ƙirga asibitoci da gadaje da likitoci da kuɗin magani, ma'aikatar ƙwadago kuma tana ƙirga albashi da sa'o'in aiki da rigingimun ma'aikata. Amma mutumin da ya wayi gari da ciwo, ya zauna a bakin gado yana auna ko ya tafi asibiti ya rasa ladan yini, ko ya daure ya tafi wurin aiki ciwon ya ci gaba da cinsa, ba ya cikin lissafin ko ɗaya daga cikinku, alhali kuwa shawarar da yake yankewa a wannan asubar ita ce take tabbatar da ko asibitocin da kuka gina za su amfane shi ko ba za su amfane shi ba.

A watan Mayu na shekarar 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da sakamakon wani bincike na haɗin gwiwa wanda ya kamata a ce ya hana kowane ɗayanku barci. Binciken ya ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai, mutum 745,000 sun mutu ta dalilin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da yin aiki na sa'o'i 55 ko fiye a mako, wato 398,000 ta shanyewar ɓarin jiki, 347,000 kuma ta ciwon zuciya. Wanda yake aiki na irin waɗannan sa'o'i, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya ɗara na mai aikin sa'o'i 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya kuma ya ɗara da kashi 17 cikin 100. Mutanen da suke cikin wannan hali a shekarar 2016 sun kai miliyan 488, kuma yawan masu mutuwar ya ƙaru da kashi 29 cikin 100 idan aka kwatanta da shekarar 2000. Galibin waɗanda suka mutu maza ne, kuma da yawansu ajalin ya riske su ne shekaru bayan sun yi wannan aikin, lokacin da babu wanda zai danganta mutuwarsu da wurin da suka ƙarar da ƙarfinsu.

Waɗannan alƙaluma suna magana ne a kan cutar da dogon aiki yake haifarwa. Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren, wanda ba a cika magana a kansa ba: aikin da ya jawo wa mutum ciwon, shi ne kuma yake tare masa hanyar zuwa neman magani. Ku ɗauki hawan jini a matsayin misali. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin manya biliyan 1.3 ne suke da shi, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma huɗu daga cikin kowane biyar ba sa samun kulawar da ta ishe su. Hawan jini ba ya kwantar da mutum a farkonsa, ba ya hana shi ɗaukar kaya ko tuƙa mota ko tsayuwa gaban inji. Gano shi ba ya buƙatar komai sai a ɗaura wa mutum abin awo a hannu na 'yan mintoci, kuma magungunansa suna cikin mafi araha. Amma sai mutum ya je inda za a auna shi, sannan ya riƙa komawa a kai a kai, kuma ƙofar wurin da ake awon tana buɗewa ne a daidai lokacin da ya kama aiki, ta rufe tun kafin ya tashi.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin jira na asibitin gwamnati ya san cewa ganin likita na minti goma yakan cinye yini guda. Mutum zai yi sammako ya bi layin kati, ya bi layin ganin likita, a tura shi gwajin jini ya bi wani layin, a ce ya dawo gobe ko jibi karɓar sakamako, sannan ya sake bin layi a wurin ba da magani, inda wani lokaci za a ce maganin ya ƙare. Za ka ga magidanci sanye da kayan aikinsa yana duba agogo yana leƙa ƙofar likita, wayarsa tana ta ƙara daga wurin aiki, har daga ƙarshe ya miƙe ya fice ba a kira sunansa ba. A takardun asibiti za a rubuta cewa bai zo ba, ko kuma an ce ba ya bin umarnin likita. Gaskiyar ita ce ya zo, sai dai lokacin da ya aro daga wurin aikinsa ne ya ƙare kafin layi ya iso kansa.

A nan ne maganar samu take shigowa, kuma ba za a iya raba ta da maganar sa'o'i ba. Akwai manyan ma'aikata masu albashi mai tsoka da suke aiki har dare, kuma su ma jikinsu yana biyan farashin hakan, amma irin waɗannan suna iya ɗaga waya su sa a ba su lokaci a asibitin kuɗi da yamma, suna da inshora, kuma idan sun kwanta jinya albashinsu yana shiga kamar kullum. Yawancin masu dogon aiki a duniya ba haka suke ba. Maigadi da lebura da direban haya da mai aikin gida da mai ɗinki a masana'anta suna tsawaita aiki ne saboda ladan sa'a ɗaya bai kai ya kawo ba, don haka sai an tara sa'o'i da yawa kafin a haɗa abin da zai riƙe gida. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na farkon shekarar 2023 ya nuna cewa sama da kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan duniya suna wuce sa'o'i 48 a mako. Ƙungiyar ta kuma ƙiyasta a 2018 cewa mutum biliyan 2, wato sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna neman abinci ne a sana'o'in da ba su da rajista, babu takardar ɗaukar aiki, babu hutu, babu inshora. A wajen irin waɗannan mutane masu rayuwar hannu baka hannu ƙwarya, ranar da ba a fita ba rana ce da ba a samu ba. Kuma ko a bisa doka, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na waɗanda suka kai shekarun aiki a duniya suke da haƙƙin samun wani abu a hannu idan ciwo ya hana su aiki.

Na san za ku ce ƙasashenku sun rattaba hannu kan muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015, waɗanda suka ƙunshi alƙawarin samar da kiwon lafiya ga kowa kafin 2030, kuma ana bibiyar wannan alƙawari da alƙaluma. Haka ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya na 2023 ya ce mutum biliyan 4.5 ba sa samun cikakkiyar kulawar lafiya ta tilas, kuma kimanin biliyan 2 suna shiga ƙuncin kuɗi saboda abin da suke biya daga aljihunsu, daga cikinsu kusan biliyan 1 suna kashe sama da kashi 10 cikin 100 na kasafin gidansu a kan lafiya. Sai dai ina roƙonku ku dubi yadda ake wannan awo da kyau. Ana ƙirga kuɗin da mutum ya fitar ya biya ne. Wanda ya kasa barin aiki, bai je asibiti ba sam, bai biya ko sisi ba, a wannan ma'auni zai fito a matsayin wanda ba shi da matsala. Ladan yinin da aka rasa a kan layi ba ya cikin lissafin, haka nan aikin da aka kori mutum daga gare shi saboda ya yi kwana uku a kwance. Ƙasa tana iya ganin alƙalumanta suna kyau alhali talakawanta sun daina zuwa asibiti ne kawai.

Akwai cuta ɗaya da aka auna ta yadda ya kamata, kuma abin da aka gano ya isa darasi. A yaƙi da tarin fuka, binciken da ake yi a ƙasashe yana haɗa kuɗin magani da kuɗin mota da samun da aka rasa, sannan a duba ko jimillar ta wuce kashi 20 cikin 100 na abin da gida yake samu a shekara. Da aka yi hakan, sai aka ga kusan rabin gidajen da cutar ta shiga suna wuce wannan iyaka, duk da cewa a yawancin ƙasashe kyauta ake ba da maganin tarin fuka. Dalilin a fili yake: galibi magani ne na wata shida ko fiye, yana buƙatar zirga-zirga zuwa asibiti, kuma mai ciwon yakan kasa aiki na tsawon lokaci. Idan kuwa ya ji sauƙi bayan wata biyu ya koma aiki ya yanke shan magani, cutar tana iya dawowa da nau'in da ba ya jin magani, wanda jinyarsa ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma gwamnati ce za ta biya. Wannan ya nuna cewa ana iya sauke kuɗin asibiti gaba ɗaya, asibitin ya ci gaba da fin ƙarfin talaka.

Me mutum yake yi idan ba shi da lokacin asibiti? Yana tsayawa a kantin magani a hanyarsa ta komawa gida da dare, ya faɗi abin da yake ji, a ba shi abin da zai kashe masa ciwo ya iya fita gobe. Idan kuɗin bai kai na cikakken magani ba, sai a yanka masa rabi. Haka ake shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta barkatai, haka ciwon suga yake cin ƙafa da ido a ɓoye, haka ƙari yake girma har ya wuce lokacin da tiyata za ta yi amfani. Ranar da mutumin zai shiga asibiti daga ƙarshe, ta ƙofar gaggawa ake shigar da shi a ɗauke, jinyar ta yi tsada, ta yi tsawo, wani lokacin kuma ta zo a makare. Tun a 1971 wani likita ɗan Birtaniya, Julian Tudor Hart, wanda ya yi aiki a cikin masu haƙar kwal, ya rubuta cewa kulawar lafiya mai kyau takan fi ƙaranci a inda aka fi buƙatarta. Sama da shekara hamsin ke nan, kuma maganar tasa ba ta tsufa ba.

Nauyin da ke kan mata ya cancanci a ambace shi daban. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ne suke yin sama da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da yara da marasa lafiya wanda ba a biya, don haka macen da ta tashi daga aikin albashi wani aikin take tararwa a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas a ƙalla kafin ta haihu, bayan haihuwa kuma ga jerin alluran rigakafin jariri. Shawara ce mai kyau, amma ga macen da ake biya a kan yini, ko wadda take tsoron a sallame ta idan aka lura tana yawan neman izini, kowane zuwa awo asarar lada ce. Idan ta tsallake wasu, ita ake zargi da sakaci.

Masu girma ministocin ƙwadago, ba sabuwar doka ake nema ku ƙirƙiro daga sama ba. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 1919 a kan sa'o'in aiki take, ta ƙayyade sa'o'i 8 a yini da 48 a mako a masana'antu. Sashe na 24 na Bayanin Haƙƙin Ɗan Adam na 1948 ya tabbatar wa kowa haƙƙin hutu da ƙayyade lokacin aiki. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 130 ta 1969 ta tanadi a biya ma'aikacin da ke jinya aƙalla kashi 60 cikin 100 na abin da yake samu, sannan a 2022 aka shigar da aminci da lafiya a wurin aiki cikin haƙƙoƙin ma'aikaci na asali. Tarayyar Turai tana da dokar sa'o'i 48 a mako da hutun sa'o'i 11 a kowace rana. Japan, ƙasar da mutuwa ta dalilin yawan aiki ta zama sanannen abu, ta kafa doka a 2018 wadda ta sa iyakar ƙarin aiki a sa'o'i 45 a wata da 360 a shekara a yanayi na yau da kullum. Abin da ya rage a ƙasashe da yawa shi ne masu duba wuraren aiki da za su isa, waɗanda za a ba kayan aiki da ikon hukunta mai karya doka, da kuma shigar da masu aikin gida da masu gadi da ma'aikatan wucin gadi cikin kariyar da aka saba cire su daga ciki.

Ina kuma gargaɗinku da kada ku taɓa sa'o'i ku bar albashi yadda yake. Idan aka hana ma'aikaci ƙarin aiki alhali ladansa na sa'o'i 48 ba zai ciyar da iyalinsa ba, an rage masa samu ne kawai, kuma zai nemi aiki na biyu da dare wanda babu mai duba shi. Mafi ƙarancin albashi dole ya zama wanda mutum zai rayu a kansa da aikin mako na ƙa'ida, in ba haka ba shi kansa ma'aikacin zai roƙi a karya dokar da aka kafa don kare shi.

Babban abin da nake nema daga gare ku shi ne hutun jinya mai biya, wanda ya haɗa da 'yan sa'o'in zuwa awo ko karɓar magani ko kai yaro asibiti, ba sai mutum ya kwanta rai a hannun Allah ba. Masu ƙananan kamfanoni za su ce ba za su iya biyan mutum yana kwance ba, kuma wasunsu gaskiya suke faɗa, domin wurin da yake da ma'aikata biyar yana jin rashin mutum ɗaya sosai. Saboda haka ne bai kamata a ɗora nauyin kan mai kamfani shi kaɗai ba, tunda hakan yana sa a ƙi ɗaukar mata da masu ciwon da ba ya warkewa. Asusu na bai ɗaya ake buƙata, wanda masu ɗaukar aiki da ma'aikata da gwamnati za su zuba a ciki, a kuma buɗe wa masu sana'ar kansu hanyar shiga da gudummawa daidai ƙarfinsu. A lokacin annobar korona a 2020 an ga yadda masu zazzaɓi suka riƙa zuwa aiki saboda ba su da zaɓi, kuma cikin 'yan makonni gwamnatoci suka samo hanya: Amurka ta kafa dokar hutun jinya mai biya ta wucin gadi a watan Maris na shekarar, Birtaniya kuma ta fara biyan masu cutar tun daga ranar farko maimakon ta huɗu. Idan an iya yin hakan cikin gaggawa don kare jama'a daga ma'aikaci mara lafiya, ana iya yinsa a tsanake don kare shi kansa.

Ku kuma masu girma ministocin lafiya, da yawa daga abin da ke hannunku bai buƙatar sabon gini. A buɗe wasu ƙananan asibitoci da yamma da ranakun hutu ta hanyar sake tsara lokutan aiki da ɗaukar ƙarin ma'aikata, ba ta hanyar ƙara wa ma'aikatan jinya sa'o'i ba, domin su ma suna sahun gaba a cikin waɗanda dogon aiki yake lalata wa lafiya. A riƙa ba mutane sa'ar da za su zo maimakon a tara kowa da sassafe. A yi gwaji da ganin likita da ba da magani a zuwa ɗaya duk inda zai yiwu. A fannin cutar ƙanjamau an riga an koyi ba wanda jikinsa ya daidaita maganin wata uku zuwa shida a lokaci guda, kuma babu dalilin da zai hana a yi wa mai hawan jini ko ciwon suga haka. A kai awon hawan jini da na suga wuraren aiki da tashoshi da kasuwanni, bisa sharaɗin sakamakon ya tsaya tsakanin ma'aikaci da mai awo, kada ya zama hujjar korarsa. Inshorar da aka ɗaure da takardar albashi kuwa ba za ta taɓa isa ga mutum biliyan biyun nan masu sana'o'in da ba su da rajista ba, shi ya sa Tailan a 2002 ta shigar da waɗanda ba sa aikin albashi cikin tsarin da ake biya daga haraji.

Roƙona na ƙarshe gare ku ne gaba ɗaya, kuma shi ne mafi sauƙin farawa. Ku umarci hukumomin ƙididdigarku su ƙara tambayoyi a cikin binciken gidaje da na ma'aikata da suka saba yi: ko mutum ya buƙaci ganin likita a shekarar da ta wuce bai je ba, ko aiki ne ya hana shi ko kuɗi, sa'o'i nawa zuwan ya ci masa idan ya je, kuma nawa ya rasa na lada. Ku wallafa sakamakon kowace shekara bisa sana'a da jinsi da matakin samu, sannan ku zauna a kansa tare da ƙungiyoyin ma'aikata da na masu ɗaukar aiki kafin a tsara kasafin kuɗi.

Ina fatan wannan wasiƙa za ta samu kulawarku.

Naku cikin girmamawa,
Wani ɗan ƙasa mai bibiyar harkokin lafiyar ma'aikata